Minti Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe shida nake danna maɓalli,
kafin hazon teku ya saki rufin kwanon Valparaíso,
kafin tsohon tarago ya fara kukan hawa tudu.
Kwamfuta takan farka garau. Intanet kuwa
sai ya kwanta kamar wanda ya kwana a mashaya.

Minti goma sha ɗaya. Na ƙirga.
Shafin jiragen da za su shigo tasha
yana buɗewa layi-layi kamar mai warware ɗinki,
da'ira tana juyi a tsakiyar allo,
shayina yana hucewa.
A minti na sha biyu sai ya zabura,
kamar ba shi ba.

Shekara talatin ina riƙe da rediyon jirgin ruwa,
na sha kamo murya daga Punta Arenas cikin guguwa,
yau ga igiya taku huɗu ta raina ni.

Da ita na fara, don ita ce a kusa.
Na zare, na hure bakinta, na mayar har ta ce ƙyas.
Na sauka kasuwa, matakala ɗari da tara,
na sayo sabuwa, shuɗiya, gwiwata tana tsine mini.
Washegari sha ɗaya cif.
Na kashe akwatin bango, na ƙirga talatin, na kunna,
fitilunsa suka yi kore ɗaya bayan ɗaya
kamar ba su san zancen ba.
Na sauya rami, daga na farko zuwa na uku.
Na zargi kyanwa. Na zargi gishirin iska,
shi da ya cinye mini ƙyauren taga.
Na kira kamfani, wani yaro mai ladabi ya ce,
daga nan komai lafiya lau, Don Evaristo,
ko za ka gwada kashewa ka kunna?

Ran Asabar Ximena ta hauro da burodi,
'yar maƙwabta, mai zobe a hanci.
Ta ce, ɓarawon asuba ba a tsare shi da hantsi,
gobe kar ka taɓa komai sai na zo.
Ta zo da gashinta a jiƙe.
Ta buɗe wata taga da ban san da ita ba,
inda manhajoji ke jere, kowace da abin da take ci.
Ta ce, igiya ba ta da laifi, hanya ce ta cushe,
wani ne ke riga ka fita da kaya kowace safiya.

Ta bi sawu da linzami.
Rumbun hotuna. Bidiyo guda, mai nauyi,
yana ƙoƙarin hawa ma'ajiya tun Agustan bara waccan.
Ya kai kashi casa'in da bakwai, ya zame,
gobe ya sake ɗauko kayansa daga ƙasa.

Sunansa: Herminia, baranda, 3.

Ni na ɗauka, na manta.
Tana shanya, iska tana ƙwace mata zanin gado,
tana zagin iskar, tana dariya,
ta ce, Evaristo, ajiye abin nan ka kama mini gefe.
Sai ƙasa, sai takalmina, sai duhu.

Ximena ta ce, dannawa ɗaya ce,
in cire shi daga layi, ko in tura shi ya wuce, ka huta.
Na ce ta kwafa mini a filashi tukuna.
Ta kwafa. Na ce biyu. Ta kwafa biyu.
Na ce sauran a bari sai Litinin.

Litinin uku ke nan.
Jirage ba su fasa shigowa don ban gan su a allo ba.
Nakan danna maɓalli, in ɗauki kofi, in fita baranda.
Igiyar shanya tana nan, ta yi tsatsa a tsakiya,
kyanwa tana lasar ƙafa a ƙarƙashinta.
In na dawo ciki hanya ta buɗe,
shayin ma an sha shi da ɗuminsa.

Gwiwata ce dai har yau
ba ta yafe mini shuɗiyar igiyar nan ba.