Da Saura a Bayan Murhu

Ruwan Ancud ba ya sallama,
sai dai ka ji shi a kan kwanon rufi.
Ran Asabar na yafa gyalen ulu,
Rayen ta riƙe ni a hannun hagu
wai kada kaka ta zame a matakala.
Muka shiga sinima, layi na bakwai,
ita da gugguru, ni da ciwon gwiwa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan
da na rubuta littafin a teburin kicin,
tsakanin ɓawon dankali da kwalbar tawada:
yaro da ɗan jirginsa ruwan ɗorawa,
da ƙanwarsa mai tsaron fitila a gaɓa.
Ban ƙaga komai ba sai launin jirgin.
Na Eladio shuɗi ne.

Aka kashe wuta.
Ga yayana a bango, tsayinsa ya kai soro,
an zana masa ido kamar faifai,
an gyara haƙorin da ya karye a kan dutse,
an ara masa muryar wani yaron Santiago
da bai taɓa kwana da ƙarnin kifi a hannu ba.
An ƙaro wani karen ruwa mai surutun tsiya
wanda ba ya cikin shafi ko ɗaya;
ya yi tuntuɓe, yara su kwashe da dariya.
Na ce a raina: na sayar da akuya,
ga ta ta dawo tana ci mini danga.

Masu zanen, an ce, sun kai ɗari biyu,
shekara huɗu suna bin igiyar ruwa ɗaya bayan ɗaya.
Wata cikinsu ta taɓa rubuto mini takarda
tana tambayar yadda hayaƙi ke fita
daga gidan da ke tsaye kan ƙafafun katako.
Ta kuwa kama shi daidai:
ya ɗan tashi, ya sunkuya wajen teku kamar mai jin kunya.
Nan na fara laluben hankici.

Sai guguwa.
Na san wurin nan, babi na sha tara.
A littafi jirgin ya shiga hazo, shi ke nan;
shafi uku na bar ƙanwa tana ƙara wa fitila mai,
na rufe da safiya, teku lumui kamar ba ita ba.
Rayen ta matse mini yatsu har zobe ya nutse.
Na shirya abin da zan gaya mata.

Amma ga karnukan ruwa, garke guda,
igiya a baki, suna ja, suna ja,
ga goge na kuka, ga hazo na yagewa,
ga goshin jirgi ya daki yashi,
ga Eladio ya dira, jiƙe sharkaf, yana atishawa,
yana tambayar ko an rage masa miya.

Ƙarya ce.
Ni na tsaya a gaɓar nan ina 'yar shekara tara
har mai ya ƙare, har lagwani ya ƙone,
har uwarmu ta daina fito da kwano na huɗu.
Na buɗe baki in ce ƙarya ce,
abin da ya fito shi ne: da saura,
na ajiye maka a bayan murhu.

Da haske ya dawo, sunana ya wuce a bango,
ɗan mitsitsi, tsakanin mai kiɗa da mai lissafin kuɗi.
Rayen na lasar gishiri a yatsa:
Kaka, haka yake a littafin?
Na ce littafi yana gida, ba shi da ƙafa,
zai jira ki.
Ta ce to gobe mu dawo?

A waje ruwa bai ɗauke ba.
Na ƙirga canjin da ke aljihuna a ƙarƙashin lema:
ya isa tikiti biyu, ban da gugguru.
Gobe ƙarfe huɗu zai sake dira a kan yashi,
jibi ma haka, gata ma,
har ranar da za su sauke hoton daga ƙofa.