Kafin In Miƙa Igiya

Ka ce na cika tambaya, Ɗayyabu,
kamar mai ba da biza.
Na ji. Zauna dai ka sha shayi.

Gidan naka ne ko haya?
Mai gidan ya sani? Matarka fa?
In ranar Jidda ta take tsaka,
kwalta na narkewa kamar man shanu,
a ina zai kwanta?

Kar ka murtuke fuska.
Wanda maciji ya sara
in ya ga baƙin tsumma, gudu yake.

Bara wani ya zo cikin farar jallabiya,
turarensa ya riga shi shigowa.
Ya durƙusa ya shafa kan Zabibi,
na sa hannu, na miƙa igiya.
Bayan wata uku aka kira ni daga Kilo Sha Huɗu:
tana ɗaure a saman bene,
kwanon ruwa ya bushe ƙaf,
siminti ya saɓule mata tafin ƙafa.
Shi kuwa iƙamarsa ta ƙare, ya hau jirgi
da akwati shida. Bai manta ko ɗaya ba.

Ni na kwance ta. Ba ta yi haushi ba.
Wutsiya ta kaɗa mini,
kuma har yau abin na hana ni barci.

Wannan mai kunne ɗaya
da ya laɓe a bayan ƙafata
ba zai iya tambayarka komai ba.
Ni ce bakinsa.

Ka dawo Talata, ka zo da yaran.
In ya fito da kansa ya shinshina hannunka,
sai mu ci gaba da magana.

Sha mana, shayin zai huce.