Jan Ɗigo a Kan Shuɗi

Ni da ban taɓa ganin teku ba,
babban ruwana tafkin Madarunfa,
ga ni kowace safiya, kafin shayin Ɗan Tambai ya tafasa,
ina leƙa waya, ina neman jan ɗigo a kan shuɗi.

Hurera ce ta ɗora mini wannan kiwo.
Damina huɗu ke nan tana can gaba da Kwatano,
tana kwana bisa rairayi da fitila mai jan ido,
tana gadin ƙwan kififiyar teku,
kada kare ya tone, kada mutum ya soya.
Ta ce, "Baba, mun liƙa wa wata na'ura a gadon baya.
Ƙwai ɗari da sha bakwai ta binne,
ta koma ruwa ko waiwaye babu.
Na sa mata suna Gulbi. Ka riƙa duba mini ita."

To, ina dubawa,
nan Mokoyo, ƙafa bisa keken ɗinki.
Maƙwabta har sun saba:
"Ina gajiya? Ina baƙuwarka ta kai?"

Abin da ban faɗa wa Hurera ba:
muna yara, ni da Na'allah,
mun bi sawu a gaɓar gulbin nan,
muka tone tara, farare, da ɗuminsu,
muka gasa a toka, muka lashe yatsu.
Yau tambayi yaro kififiya,
sai ya ce sunan wace unguwa ce.

Watan jiya ɗigon ya tsaya cak.
Kwana goma sha ɗaya.
Hurera ta ce ko batir, ko tarun manyan jirage,
muryarta kamar zare ya kusa tsinkewa.
Ni kuwa na ɗinka aljihu a kife,
na warware, na sake kifewa.
Ran na sha biyu ya gusa,
faɗin ƙwayar gero, ba ƙari.
Ta ce tafiyar nan ta fi Maradi zuwa Tasawa.
Na saya wa majalisa shayi, ban ce don me ba.

Wai ƴaƴan, in sun tsira,
in ɗaya cikin dubu ta tsira,
bayan shekara ashirin da wani abu
takan dawo rairayin da aka binne ta,
ba ɗan jagora, ba tambayar hanya.

Hurera ashirin da takwas gare ta.
Ba wanda ya liƙa mata kome a baya.
Jiya dai na sa an share ɗakin kudu,
an gyara indararo.