Taswira a Teburin Girki

Ya shimfiɗa taswirar a kan teburin girki,
ya danne kusurwa ɗaya da kwalbar man zaitun,
ɗayar da tabarau, wanda ya daina yi masa rana.
"Deolinda," ya ce, "nemo min Régua."
Na kama yatsansa na ɗora a kan sunan
kamar mai koya wa yaro baƙi.

Shekara arba'in Amílcar ke tuƙi, ina gyangyaɗi a gefe.
Yau hazo ya sauka a idonsa, ya ƙi tashi,
makullin mota ya ƙaura zuwa jakata,
ni da ban taɓa wuce kasuwar kifi ba.

"Mu bar Porto tun da jijjifi,
kafin manyan motoci su farka.
Kar ki bi babban titi, ba shi da labari.
Bi ƙaramar nan da ke maƙale da kogin Douro,
in ya karkata ta karkata,
in ya yi fushi ta hau tudu ta ba shi wuri."

Na ce, "Kwana nawa?"
Ya ce, "Na barci uku. Na hanya, kar ki ƙirga,
mai ƙirga kwana ba ya isa Pinhão."

Sai na juya takardar kuɗin wuta na fara rubutu:
Hermínio bakanike ya duba birki, ya sake dubawa.
Maganin hawan jini. Burodi, cuku, wuƙa.
Hular da yake cewa ba tasa ba ce.
Ɗaki a gidan Zulmira, in tana raye,
in ba ta raye, a gidan 'yarta.

Can ne, in ji shi, tsaunuka suke hawa-hawa,
kakanni suka sassaƙa su da diga da taurin kai,
kowace matakala da layin kurangar inabi.
Yana ɗan sha shida ya ɗauki kwando a can,
kwando mai nauyin ɗan maraƙi,
igiyarsa a goshi, rana a ƙeya.
Da dare su shiga kwarmin dutse, kafaɗa da kafaɗa,
su tattake inabi har cinya ta rine.
Wai har Kirsimeti farcen ƙafarsa bai koma fari ba.

Lucília ta bugo waya daga Lyon:
"Mama, ku hau jirgin ƙasa mana, don Allah!"
Ya karɓe wayar. "Jirgi ba ya tsayawa gindin ɓaure."

Wane ɓaure kuma?
Akwai shi, wai, sama da wata 'yar majami'a,
inda hanya ke tsukewa, mota biyu sai da sallama.
Daga nan kogin yakan zama zare,
gonaki su yi ja da rawaya a ƙarshen Satumba.
Na yi shiru. Sannan bakina ya suɓuce:
"To me za ka gani a can, Amílcar?"

Bai ji haushi ba. Ya lalubo kofinsa.
"Ke za ki gani, ki faɗa min,
ni kuma in gyara miki."

Mun raba aiki kafin fitila ta mutu.
Kowa da giyarsa a wannan tafiya:
tasa a kofi, ja, mai kauri,
tawa a hannun dama, ta biyu, ba gaggawa.

Yanzu yana minshari, yatsansa ɗaya a miƙe
kamar har yanzu yana bin kogin.
Na zura takalmi, na saɗaɗa waje.
Bayan gidanmu akwai hawa mai tsayi,
inda ko kyanwa sai ta huta a tsakiya.
Sau huɗu motar ta mutu a hannuna daren jiya.
Daren yau sau biyu.
Saura kwana tara.