Tsintar Tsakuwa

Ajinmu a saman kyamis yake, a Gyaɗi-Gyaɗi,
kwamfuta takwas, biyar ke tashi in janareto ya ga dama.
Malam Tanimu ya ce, "Gobe shara za mu yi.
Kowa ya zo da rubutun da ya fi datti a gidansu."

Ni na kawo littafin bashin Inna Kubura,
mai awon shinkafa a Kasuwar Rimi,
wanda ƙanena ya zuba mata a waya da babban yatsa,
ido ɗaya na kan ƙwallo.
Giɓi kafin suna, giɓi biyu bayan suna,
tauraro nan, tauraro can,
waƙafi a tsakiyar kuɗi,
alamar tambaya har uku a jikin Alhaji Mamuda.

Kwamfuta ba ta da kara.
A wurinta Mamuda mai giɓi a ƙeya
da Mamuda marar giɓi mutum biyu ne,
ba dangin iya, ba na baba.
Dubu sha biyu mai waƙafi kuwa ba kuɗi ba ne,
zance ne, ita kuma ba ta lissafa zance.

Sai na tuna faifan Inna da hantsi,
yatsa na turawa, yatsa na ɗauka,
tsakuwa gefe, ƙaiƙayi ga iska.
Na koyi datse giɓin goshi da na ƙeya.
Na koyi korar waƙafi, in bar gurbinsa wayam.
Layi uku kacal, kaina ya kumbura.
Na ce, a kan me zan bi tsakuwa ɗai-ɗai?
Na ba ta umarni guda:
bar giɓin tsakiya, bar haruffan nan ashirin da shida,
saura duk ki zubar.

Kafin in ƙifta ido ta zubar.

Ɗahiru ya dawo ahiru.
Sa'adatu ta rasa numfashin da ke tsakiyar sunanta.
Ƙofar Mata ta zama ofar Mata, kowa ya shige.
Ɗorayi da 'Yankaba an yi musu aski ba ruwa.
Unguwar da nake zaune
ta koma GyaiGyai,
kamar kukan tsuntsun da ban taɓa ji ba.
Lambobi ma sun bi rariya:
duk Kano ba wanda Inna ke bi ko kwabo.

Malam ya leƙo ta kafaɗata.
In ma ya yi dariya, ya haɗiye ta.
"Ka ajiye na asali?" Na ajiye. "To, ka sha.
Abin da ka ce ta yi, shi ta yi.
Ba ta san lanƙwasa ba sai ka gabatar mata.
Ba a ce wa yaro ya zubar da duk abin da ba shinkafa ba
alhali da wake a faifan."

Na sake zama har aka kira la'asar.
Na kira su da sunansu, ɓ da ɗ da ƙ,
da ɗan waƙafin sama mai riƙe numfashi,
na ce waɗannan 'yan gida ne.
Ɗahiru ya dawo da kansa a wuyansa.
Mamuda biyu suka zama ɗaya, bashinsa ya haɗu, ya yi nauyi.

Da magariba na kai wa Inna, fes, kamar an wanke.
Ta nisanta wayar da idonta, ta daɗe tana ja.
Ta ce, "Ina taurarin?"
Na ce ai datti ne, na share.
Ta ce, "Ni na sa a saka su.
Wannan mijinta na kwance tun azumi.
Wannan an sallame shi daga Sharaɗa.
Masu tauraro ba a tambayarsu, sai sun kawo."

Su bakwai ne.
Ta kira su da ka, tana tsince shinkafar dare,
ni kuma ina mayar musu, ɗaya bayan ɗaya.