Rage Wuta

Mun gama feshin fara a arewacin Dakoro,
tanki ya koma fayau.
Ni da jirgi muka juyo gida da la'asar sakaliya,
ba mu ɗauke da komai sai warin magani.

Sai gabas ta haɗe rai.
Hadari ya taso ta wajen Tasawa, baƙi ƙirin,
kansa a baje kamar uwar maƙera.
Iska ta ɗaga mu,
ta sake mu.
Alƙalamina ya bar aljihu, ya je ya gai da rufi.

Hannuna ya kai ga wuta da kansa.
Zuciya ta ce: ƙara, ga Maradi can,
ga Gulbi yana ƙyalli, tsere masa!

Nan na ji Malam Nomau, shekara bakwai da rasuwa,
kamar yana bayana yana ɓare goro:
"Barira, rage.
Fiffike yana da iyakar abin da zai ɗauka,
an rubuta, ba a roƙonsa ƙari.
In kina tafe a hankali iska ta doke shi,
sai ya saki, ya sunkuya, ya sake kamawa.
In gudu kike ba zai saki ba,
zai riƙe har ƙashinsa ya ce ƙas."

Na taɓa yi masa musu a gindin dogon yaro:
ashe mara kaya bai fi samun sauƙi ba?
Ya ɗauko ƙwarya biyu, ɗaya da gero, ɗaya wofi,
ya ajiye a bakin iska, bai ce uffan ba.
Wofin muka bi da gudu har shinge.
"Lambar da ke allon nan ta mai cikakken kaya ce.
Ran da kika dawo wofi, sauko ƙasa da ita."

Yau wofi nake.
Na ja wuta baya. Allura ta sauko, ta sauko,
na tsayar da ita inda ya ce.
Ban yi jayayya a kan tsayi ba:
ya ɗaga ni ƙafa ɗari uku, na bar masa,
ya mayar da ni, na karɓa.
Fikafikai kawai na daidaita,
sanda a yatsu uku,
ba fizgar dama a rama da hagu,
don ƙarfe ma yana riƙe abin da aka yi masa.

Na kauce yamma, na ba hadarin hanya.
Tibiri ta wuce ƙarƙashina sannu-sannu, abin haushi,
har ina hango mata suna kwashe shanya.

Na sauka ɗigon farko yana bugun gilashi.
Illiya makanike bai ce mini sannu ba.
Ya shige ƙarƙashin fiffike da tocila,
yana shafa shi kamar mai cinikin sa,
yana neman inda fata ta yamutse,
yana ƙirga ƙusoshi da leɓe.
Ya fito, ya goge hannu a wando.

"Kin makara," ya ce.
Na ce, "Na makara."

Gwiwoyina suka ƙi ɗaukata,
na zauna a kan taya,
ruwa ya tsuge.