Bushiya a Gidan Burodi

A Valparaíso, inda gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a gefen dutse,
babana Eleodoro ya shekara goma sha tara yana wanke kwanuka
a bayan wani gidan abinci na bakin teku.
Tafinsa kullum fari fat, a tattare,
kamar waken da ya kwana a ruwa.

Wata Lahadi aka ba shi rabin yini.
Ya ƙirga sulalla, ya sake ƙirgawa,
ya ce, "Rayén, sa takalmi."
Muka gangara matakala ɗari da sittin da biyu,
ni da tsalle, shi da gwiwa mai ƙara,
muka iske fitilun silima suna mutuwa.

Fim ɗin zane ne, na yara.
Wata bushiya ce mai kwana a bayan tanda,
wai ita burodi take son kwaɓawa.
Ta taɓa ƙullu, ƙullu ya kama ƙaya,
ta mirgina, ta tashi kamar curin auduga mai ido biyu.
Muka tuntsire, yara da iyaye,
gugguru na zubewa.

Mai gidan ya bi ta da tsintsiya.
Danginta suka ce, "Ke da aka halitta da tsini,
ina ke ina abu mai laushi?"
Ba ta tanka ba.
Dare ya raba, sai ga ta a kan buhun fulawa
tana kallon garwashi yana lumshewa.

A nan na waiga in ga ko baba na dariya.
Haske na wasa a fuskarsa, shuɗi, ja, shuɗi.
Leɓensa ne kawai ke motsi:
"Ruwa ya yi yawa. Ƙara gari. Bar shi ya huta."
Zane yake yi wa gyara!
Yatsunsa a kan cinya suna dannawa, suna naɗewa.

Ƙarshen labari, bushiya ta mirgina kan faifan ƙullu,
ƙayarta ta huda shi ƙanana ƙanana,
burodi ya gasu bai kumbura ya fashe ba.
Aka sa mata farar hula, gari ya yi layi,
kiɗa ya tashi, sunaye na hawa.

A hanyar gida ya ce, "Ƙarya ce tsagwaronta.
Ba a ba kowa hula a dare ɗaya."
Ya tsaya a mataki na tamanin yana haki,
ya dubi jiragen ruwa a ƙasa,
ya ce, "Kuma tandar nan ba ta yi zafi ba."
Daga nan bai ƙara cewa komai ba har muka gama hawa.

Cikin dare wani tim, tim ya tashe ni.
Na leƙa: baba ne da singileti,
gari har gira,
yana faɗa da ƙullu a teburin da nake aikin makaranta,
cokali mai yatsu a hannunsa na hagu yana jiran hudawa.

Na farko ya fito kamar dutsen guga.
Muka tsoma a shayi har ya saduda, muka cinye.
Na Lahadi ta huɗu maƙwabciya Clotilde ta aiko a sammata.
Na hunturu ya ƙone, na bazara ya yi gishiri,
daga baya ya daina ɓatawa.

Bai buɗe shago ba.
Ya wanke kwanon mutane har gwiwa ta ƙi matakala.
Hular da ya samu ta ulu ce, ni na saƙa, kuma ta yi masa yawa.
Ni ma ban gaji hannunsa ba,
lissafin motocin haya nake yi a ofis,
ƙulluna ko a mafarki ba ya tasowa.

Amma cokalin yana nan a aljihun tebur,
yatsa ɗaya a lanƙwashe.
Jiya ɗana ya ɗauko zai ci taliya,
na ce, "Ajiye wannan, ɗauki wani."
Ya ce, "Don me?"
Na ce, "Zauna. Ka san bushiya kuwa?"